Mawaƙi Mai Zaman Kansa a Ƙasar Hausa: Daga Ubangida Ɗaya zuwa Iyayen Gida Barkatai

1. Matsalar suna

Duk wanda ya taɓa juya takardar ma'aikatar al'adu daga Faransanci zuwa Hausa ya san inda ake yin tuntuɓe. Idan aka iso ga kalmar artiste indépendant, mafassara sukan ce "mawaƙi mai zaman kansa", wasu kuma "mai cin gashin kansa". Ta fuskar nahawu babu laifi, amma abin da ake nufi ya bambanta. A Turai ana nufin wanda bai sa hannu da babban kamfanin faifai ba. A ƙasar Hausa kuwa, abin da ya riƙe mawaƙi tun asali shi ne ubangida, kuma daga hannunsa ne ake zancen fita. A cikin wannan ɗan nazari muna so mu bi yadda aka yi wannan fita a ƙarni na 20, mu nuna cewa waɗanda suka yi nasara ba su rabu da iyayen gida ba: yawaita su suka yi, har ya zamana babu guda ɗaya da zai iya rufe musu baki ko ya yanke musu abinci.

Harshen kansa yana ba mu shaida. Faransanci ya tara kowa cikin kalma ɗaya, griot, alhali Hausa ta gina sunaye uku a kan tsari ɗaya na ma-…-i: makaɗi daga kiɗa, mawaƙi daga waƙa, maroƙi daga roƙo. Biyu na farko suna faɗin abin da mutum yake yi da hannu ko da murya. Na ukun yana faɗin yadda yake ci. Shi ya sa mawaƙan da suka yi suna suke jin haushi in an kira su maroƙa, ko da kuwa da kyauta suke rayuwa.

2. Tsohon tsari

A binciken da M. G. Smith ya wallafa a 1957 a kan roƙo, da wanda David Ames da Anthony King suka fitar a 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa, hoto ɗaya ne yake fitowa: kowane kiɗa yana da mai shi. Tambari da kakaki da algaita na sarauta ne. Kalangu na mahauta ne, gangar noma ta manoma, maƙera da mafarauta da ƴan dambe kowa da nasa makaɗan. Sana'ar gado ce, ɗa yana koya wajen uba yana cikin ƴan amshi. Makaɗin fada yana samun gida da gona da doki da riga, wani lokaci har da sarauta irin ta Sarkin Makaɗa ko Sarkin Taushi. Abin da yake bayarwa a madadin wannan shi ne bakinsa: yabo ga ubangida, zambo ga abokan hamayyarsa. Ibrahim Narambaɗa a fadar Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi a fadar Sarkin Musulmi, Ma'azu Ɗan Alalo a fadar Damagaram, duk cikin wannan tsari suka yi fice, kuma ba mu ga alamar cewa barantaka ta rage musu fasaha ba.

Mawaƙi marar ubangida yana nan tun a wancan zamani, sai dai ba abin sha'awa ba ne. Smith ya kwatanta shi: mai yawo ƙauye ƙauye, ya tsaya ƙofar mai hali ya yi yabo, in ba a ba shi ba ya juya zuwa habaici har sai an saye shirunsa. Tsoronsa ake ji, ba a girmama shi. Ke nan a farkon ƙarni, zaman kai a sana'ar waƙa alama ce ta rashin gata. Tambayar tarihi ita ce yadda wannan matsayi na ƙasƙanci ya koma abin alfahari cikin shekaru kamar 40.

3. Shata da Ɗan Maraya

Abubuwa uku suka sauya ƙasa a ƙarƙashin ƙafafun makaɗa. Na farko, kuɗi sun fita daga fada: cinikin gyada da auduga da goro, da sufurin manyan motoci, sun haifar da attajirai waɗanda ba su gaji sarauta ba amma suna son a ji sunansu. Na biyu, jam'iyyun siyasa na shekarun 1950 sun buƙaci masu tara jama'a. Na uku shi ne rediyo: Radio-Niger ta fara aiki a 1958, gidan rediyon Kaduna a 1962, kuma muryar Kaduna ba ta san iyaka ba, ana kama ta a Maraɗi da Damagaram da Ƙonni kamar yadda ake kama ta a Katsina.

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, bai gaji kiɗa ba. Mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba, kuma da tallar goro ya fara neman kuɗi. Rashin gado ya hana shi kujera a fada, amma ya sake masa mara: babu gidan da ya wajaba ya yaba, babu kayan kiɗan da aka ɗora masa. Ya ɗauki kalangu, kiɗan mahauta da dandalin ƴan mata, ya shiga da shi gaban sarakuna. Ya yi wa sarki waƙa, ya yi wa ɗan kasuwa, ya yi wa direba da soja da ma'aikaci, ya yi wa gwamnati waƙoƙin faɗakarwa. Wanda ya ɓata masa rai kuma ya sha zambo, kuma zambon da rediyo da kaset suka ɗauka ba ya tsayawa ƙofar gida ɗaya kamar na maroƙin da Smith ya gani. Makamin tsoho ne, nisan da yake kaiwa ne sabo. Duk da haka kada mu wuce gona da iri: Shata yana da manyan da ya jingina da su, musamman Sarkin Daura Muhammadu Bashar, kuma a Daura aka binne shi da ya rasu a 1999. Bambancinsa da Narambaɗa shi ne, da wannan jingina ta faɗi, da bai faɗi tare da ita ba.

Misalin Adamu Ɗan Maraya Jos ya fi jan hankalinmu, don shi ta ɗaya ƙofar ya fito. An haife shi a Bukuru a 1946, mahaifinsa makaɗin sarkin garin ne, iyayensa suka rasu yana ƙarami, sarkin ya riƙe shi. Duk abin da ake buƙata don zama makaɗin fada yana hannunsa. Sai ya ɗauki kuntigi, ƴar ƙaramar molo mai tsirkiya ɗaya wadda ake yi da gwangwanin kifi a rufe da fata. Masu nazarin adabi sun yi magana mai yawa a kan hikimar waƙoƙinsa, amma ba su cika tsayawa a kan lissafin da ke cikin wannan zaɓi ba. Ƙungiyar kalangu ko ta taushi tana da makaɗa da ƴan amshi da sanƙira, kowa da iyalinsa, ga kuɗin mota, ga masauki. Shugaban irin wannan ƙungiya ba zai iya ƙin gayyatar mai kuɗi ba, don bakuna da yawa suna jiran rabo. Mai kuntigi shi ne makaɗi, shi ne mawaƙi, shi ne ɗan amshin kansa, kayan aikinsa kuma suna shiga aljihun riga. Wanda kashe kuɗinsa kaɗan ne yana iya zaɓen wanda zai yi wa waƙa.

Wanda ya zaɓa kuwa ya ba da mamaki. Waƙar da ta fara fitar da shi ta karen mota ce, yaron da ke lodi da karɓar kuɗi a tasha, wanda ba shi da doki ko riga da zai bayar. Ta fuskar tsohon tsari wannan asara ce tsantsa. Amma karnukan mota dubbai ne, suna kan kowace hanya daga Jos zuwa Kano zuwa Maraɗi, kuma kowannensu ya ji waƙar tasa ce. Daga nan ya bi da waƙoƙin zaman aure da auren dole da gulma da halin ɗan Adam, inda yake sauya murya ya zama miji ya zama mata. A nan yabo ya tashi daga kan mutum mai suna ya koma kan jinsin mutane, kuma a ganinmu wannan ne babban sauyin da aka samu a waƙar Hausa ta ƙarni na 20. Bai hana shi yi wa manya waƙa ba, ya kuma yi wa sojojin tarayya a lokacin yaƙin basasar Nijeriya na 1967 zuwa 1970. Har ya rasu a 2015, ba a san shi da sunan makaɗin wani gida ba.

4. Faifai da kaset

A nan ne kwatanci da Turai yake rushewa gaba ɗaya. Kamfanoni irin su EMI sun buga faya-fayan mawaƙan Hausa, amma garmaho kayan masu hali ne. Da kaset ya bazu a ƙarshen shekarun 1970, sai ya zo tare da naɗa ba izini: kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafi, daga can kaya suke hayewa zuwa kasuwannin Maraɗi da Damagaram. Mai rumfa yana cin riba, mawaƙi ba ya ganin ko dala. Abin lura shi ne mawaƙan kalangu da kuntigi da gurmi ba su durƙushe saboda haka ba, don ba a kan sayar da kaset suka gina sana'arsu ba. Kaset talla ce. Shi yake sa attajirin Tasawa ya ji an ambaci takwaransa na Kano, ya aika a kira mawaƙin bikin ɗiyarsa. Kuɗin suna wajen biki da suna da naɗin sarauta da ajo, inda ake liƙi a bainar jama'a, kuma mai liƙi yana sayen abin da kaset ba zai iya sata ba, wato a kira sunansa yana tsaye.

5. Hanyar Nijar

A wannan ɓangare na iyaka labarin ya ɗan karkata. Attajiran sun fi kaɗan, babu masana'antar faifai, wurin naɗar murya kusan ɗaya ne, na gidan rediyon gwamnati, wanda ya shiga ƙarƙashin ORTN a 1967, aka sa masa suna Voix du Sahel a 1974. Sai hukuma ta gaji kujerar fada. A zamanin Seyni Kountché, daga 1974 zuwa 1987, ƙungiyoyin samariya da bikin matasa na ƙasa su ne dandalin fitowa, kuma jigon waƙa sananne ne tun kafin a hau dandamali: haɗin kan ƙasa, aiki, ci gaba. A 1987 aka kafa gasar kiɗan zamani mai sunan Ɗan Gurmu, shahararren mawaƙin Tawa, sannan wajajen 1990 aka buɗe cibiyar koyar da kiɗa ta CFPM a Yamai. Cikin wannan yanayi kalmar artiste ta shiga bakin mutane, kuma aikinta a fili yake: raba mai jita da maroƙi. Sai dai sauya suna bai sauya hanyar ci ba. Gasa tana ba da lambar yabo sau ɗaya, ba ta ciyar da gida shekara.

Da guguwar dimokuraɗiyya ta zo a farkon shekarun 1990, baitulmali ya bushe, aka karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sabon ubangidan ya kasa riƙe barorinsa. An yi dokar haƙƙin mawallafi a 1993, aka kafa hukumar BNDA a 1995, amma doka ba ta isa rumfar mai kaset ba. Kowa ya nemi mafita. Wasu sun dubi Turai: faifan Niamey Twice na Sa'adu Bori da Moussa Poussy ya fito a Landan a 1994. Mamane Barka, malamin makaranta ne kafin gurminsa ya fitar da shi, daga baya ya je bakin tafkin Cadi ya koyi biram na Buduma, ya kai shi dandamalin ƙasashen waje. Wasu kuma sun bi tsohuwar hanyar kudu, kamar Fati Nijar da ta tashi daga Maraɗi ta yi suna a waƙoƙin finafinan Kano.

Wayar salula ta maimaita abin da kaset ya yi, cikin sauri fiye da da. Mdou Moctar, Buzu daga jihar Tawa, ba da Hausa yake waƙa ba, amma a Sakkwato ya naɗi kundinsa na farko a 2008, da irin gyaran muryar da aka saba ji a waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har Mali ba tare da an biya shi ba, shi kuwa yana cin abinci da kiɗan bukukuwan aure. A cikin wata waya ce wani Ba'amurke mai ƙaramin kamfanin Sahel Sounds ya tsinci waƙarsa, ya yi ta cigiyar mai ita har ya same shi. Kundinsa na 2021, Afrique Victime, kamfanin Matador na Amurka ne ya fitar da shi.