Yadda Ake Zaɓen Kayan Haɗin Bakin Tankin Ruwa Na Kan Mota

Da rani ya kama, manoma da makiyaya da yawa kan ɗora tanki a bayan a-kori-kura ko keken ɗaukar kaya, su kai ruwa lambu, wurin reno, gidan kaji ko garke. Yawancin hankali yakan tafi kan girman tanki da kuɗinsa. Amma inda matsala ta fi fitowa shi ne bakin fitar ruwa: nan ake samun yoyo, nan ake samun karyewa a hanya, nan kuma inji ke rasa isasshen ruwa. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, wato tanki mai lita 1,000 yana ɗauke da tan guda. In bakin ya ɓalle a tsakiyar daji, ruwan ya tafi, man mota ya tafi, shuka ko dabba kuma na can na jira.

Ƙa'idar a taƙaice ita ce: kada ka sayi ko da noti ɗaya sai ka san abu uku, wato inda ruwan zai je, irin haƙorin murɗi da ke bakin tankinka, da abin da za ka riƙa zubawa a ciki.

Na farko: ina ruwan zai je?

Wannan ne ke yanke faɗin baki. Hanyoyin amfani uku ne.

Idan ruwa zai sauko da kansa ne zuwa kwami, bokiti ko kwamin shayar da dabbobi, ƙarfinsa kaɗan ne, domin tsayin ruwan da ke sama da bakin ne kawai ke tura shi. Saboda haka a nan faɗi ake nema. Bakin inci 1 ya isa cika bokiti da jarka. Don cika babban mazubi da sauri, a nemi inci 1½ ko inci 2. Ka tuna, in ka ninka faɗin bututu sau biyu, ƙofar da ruwa zai bi ta ninku sau huɗu ne.

Idan ƙaramin famfo mai aiki da batirin mota za ka sa, irin na feshi, ba ya buƙatar babban baki. Misali mai kyau shi ne masu sana'ar wanke tagogi a Ingila. Sukan kafa tanki a cikin motar aikinsu, ƙaramin famfo mai bolt 12 ya ja ruwa kimanin lita 5 a minti ya tura shi ta siririn tiyo zuwa kan doguwar sanda. Tsarinsu shi ne: bakin tanki, sai bawul, sai matata, sai tiyo mai rabin inci zuwa famfo. Wannan jerin shi ne daidai wanda mai feshi ko mai ban-ruwan reno ke buƙata.

Idan kuwa injin ban-ruwa mai fetur ne, na inci 2 ko inci 3, to bakin tanki da bawul da tiyon zuƙa kada ko ɗaya ya gaza faɗin bakin injin. In ka matse masa hanya, zai riƙa ƙara kamar yana tauna tsakuwa, ruwa ya ragu, fankar ciki ta lalace da wuri. Tiyon zuƙa kuma ya zama mai ƙarfi, mai zobba a jikinsa. Tiyo mai lanƙwashewa na gefen fita ne kawai.

Na biyu: gane haƙorin murɗi

A nan ne aka fi yin asarar kuɗi, domin a ido duk kama suke yi. Iri uku za ka fi haɗuwa da su.

BSP shi ne ma'aunin Ingila, kuma shi ne akasarin kayan famfo na kasuwanninmu ke bi. Abin lura, sunan incin ba shi ne faɗin da za ka auna ba. In ka auna namijin daga waje, rabin inci yana ba da kusan milimita 21, inci ¾ kusan 26, inci 1 kusan 33, inci 2 kuma kusan 60.

NPT shi ne na Amurka, yakan zo da wasu famfuna da injunan feshi. A rabin inci da inci ¾ yawan haƙoransa daidai yake da na BSP, 14 a kowane inci, don haka zai shiga, amma siffar haƙorin ta bambanta, sai ya riƙa tsatsafo. A inci 1 ma yawan ya saɓa: BSP 11, NPT 11½. Maganinsa ɗan mahaɗi mai BSP a gefe ɗaya, NPT a ɗaya gefen. Tef ba ya gyara wannan.

Na uku shi ne manyan haƙora na tankin IBC, wato farin tankin nan mai kusurwa huɗu da ke cikin kejin ƙarfe, mai lita 1,000. Yawancinsu suna zuwa da bawul nasu mai haƙorin da ake kira S60x6: faɗi milimita 60, tazarar haƙori da haƙori milimita 6. Ga tarkon: faɗinsa kusan ɗaya ne da na BSP inci 2, amma tazarar haƙorin BSP milimita 2.3 ce kacal. In ka tilasta soket na inci 2 a kansa, ka cinye haƙorin bawul ɗin. Akwai kuma tankunan IBC masu wasu ma'aunai daban, don haka kada ka yi zato. Hanya mafi sauƙi: kwance murfin bakin ka tafi da shi kasuwa, ka gwada a gaban mai shago. Abin da ya dace yakan shiga da hannu cikin sauƙi. In ya ƙi tun zagaye na farko ko na biyu, ba nasa ba ne.

Idan tankin ba shi da baki

Sai a huda a sa mahaɗin da ke ratsa jikin tanki, mai faifai a gefe ɗaya da noti a ɗaya gefen. Kada a yi ƙoƙarin liƙa fayif da gam ɗin PVC, domin robar da ake yin tanki da ita gam ɗin ba ya kama ta. A zaɓi wuri miƙaƙƙe, ba kan lanƙwasa ko haƙarƙarin tanki ba, a ɗaga kaɗan daga ƙasa yadda faifan zai zauna sosai, laka kuma ta kwanta a ƙasansa. Huda ta zama daidai da jikin mahaɗin, a kankare gefenta. Zoben roba mai taushi yana zama ne a gefen faifai, ba gefen noti ba. Wasu irin waɗannan notocin da gangan aka yi su masu ɗaurewa ta hagu, don haka a duba kafin a sa ƙarfi. A ɗaure da hannu, a ƙara kaɗan da sifana, shi ke nan. Ɗaurin da ya wuce kima yakan tura zoben waje.

Na uku: roba ko ƙarfe?

Ya danganta da abin da ke cikin tankin.

Ruwa zalla: roba mai tauri ko tagulla duk suna yi. Tagulla ta fi jure bugu, roba ta fi sauƙi kuma ba ta tsatsa.

Ruwan taki: a guji tagulla, domin takin da ke da amoniya yana cin ta. Roba mai tauri ko ƙarfe marar tsatsa ya fi.

Maganin ciyawa: masu sinadarin gilaifoset, takardar jikinsu tana hana a haɗa su ko a ajiye su a cikin ƙarfen GI ko baƙin ƙarfe marar shafi, domin haɗuwarsu na fitar da iskar haidurojin mai kamawa da wuta. Don haka babu fayif ko soket na GI a tankin feshi.

Tankin da ya taɓa ɗaukar maganin feshi, shi da tiyonsa da bawul ɗinsa, ba ya komawa na ruwan sha ko na dabbobi. Haka nan tankin IBC na hannu: in ba ka tabbatar da abin da ya fara ɗauka ba, kada mutum ko dabba su sha daga ciki.

Wata doka ta masu gyaran famfo: namijin ƙarfe a cikin macen roba yakan tsaga ta in an matsa. In dole sai an gauraya, namijin ya zama roba, macen ƙarfe.

Bawul da mahaɗin tiyo

Bawul mai ƙwallo, mai hannun da ake juyawa kwata ɗaya, shi ya fi dacewa. Ka buɗe shi ka leƙa: ramin ciki ya kai faɗin bututun, domin wasu masu arha a matse suke. A sa shi daf da tanki, yadda in tiyo ya fashe ko za a wanke matata, ana iya tsayar da ruwa. Famfon wanke hannu na gida bai dace ba, hanyarsa ƙarama ce, kuma yana saurin toshewa.

In kullum ake cire tiyo ana mayarwa, a sa kamlok, mahaɗin nan mai kunnuwa biyu da ake dannewa. Yana hana haƙori cinyewa. A sayi murfinsa tare, saboda ƙura. Tiyo a kan wutsiyar mahaɗi kuma a ɗaure shi da kilif, ba da igiyar roba ko waya ba.

Farin tef na famfo ana naɗa shi ne a kan ƙananan haƙora, ta ɓangaren da ake ɗaurewa. Manyan haƙoran IBC da kamlok zoben roba ne ke tare musu ruwa. In sun yi yoyo, zoben za a canza.

Abin da hanya ke yi wa baki

Tankin gida a zaune yake, na mota kuwa yana shan girgiza. Don haka kada a jera doguwar sarƙar soket da gwiwa da bawul a rataye a bakin tanki. Nauyin ya zama kamar sanda mai ɓanɓarar bakin a kowane rami. A taƙaita haɗin, a sa masa matashi daga ƙasa, sannan tsakanin tanki da famfo ko fayif a sa guntun tiyo mai taushi ya shanye motsi. Bakin ya kalli baya, amma kada ya leƙo waje da jikin mota. A ɗaure tankin da bel mai ƙarfi ta yadda ba zai zame ba.

Tankin da ke rabi ya fi cikakke haɗari, saboda ruwan na tunkuɗa gaba da baya a kowane birki. Shi ya sa tankunan da aka ƙera don mota suke da katanga a ciki. IBC ba shi da ita, don haka a tafi da shi cike ko babu kowa, kuma a tabbatar motar za ta iya ɗaukar fiye da tan guda. Murfin sama kuma dole ya sami ƙofar iska, in ba haka ba inji zai zuƙe tankin ya lotsa.

Kafin fita ta farko, a cika tankin, a rufe bawul, a shimfiɗa busasshen kwali a ƙarƙashin bakin na awa guda. Bayan tafiyar farko a sake duba kowane haɗi. A ajiye zoben roba biyu, kilif biyu, tef da murfin baki a cikin mota. Kuɗinsu bai kai na tafiya ɗaya ta ɗebo ruwa ba.

Allah Ya ba mu rani mai albarka.