Ƙamshin ɗoɗɗoya daga ƙarƙashin ƙasa yake

1/ Kakata a Ɗambatta ta sha cewa ɗoɗɗoyar yanzu ba ta da ƙamshin ta da. Na ɗauka zancen tsofaffi ne, sai da na shiga jami'a. Ku biyo ni.

2/ A 1885 wani Bajamushe masanin tsirrai, Albert Frank, ya raɗa sunan maikoraiza. Naman gwari ne mai siraran zare da ke shiga saiwa, ya jawo wa tsiro ruwa da sinadarin fosfaras, tsiron ya biya shi da sukari. Ba ni gishiri in ba ka manda.

3/ A 2006 masu bincike a Italiya sun gano yana canza yawan man ƙamshi a ganyen dangin ɗoɗɗoya. A 2007 a Indiya aka ga ya ƙara wa tazargade sinadarin maganin maleriya.

4/ Mu dawo gida. A shekarun 1960 Michael Mortimore ya nazarci gonakin kewayen Kano: jakuna na kwaso taki daga birni, ana haɗa gero da wake, gona ba ta hutawa amma ba ta mutu ba. Irin wannan noman yana raya naman gwarin.

5/ In kuwa aka cika takin zamani mai fosfaras, tsiro ya ƙoshi, sai ya juya wa abokinsa baya.

6/ Don haka in za ku shuka ganyen magani, ku nemi takin gargajiya. Iya, ki yafe min gardamar da na yi miki.