Mariƙin aiki a ƙirar ƙananan sassan kwamfuta

Mariƙin aiki kayan aiki ne da ake ƙerawa musamman domin ya riƙe ƙarfe ko roba daram yayin da injin CNC, wato injin da kwamfuta ke sarrafawa, ke sassaƙa shi. Ana buƙatarsa wajen ƙera ƙananan sassan kwamfuta, kamar farantin jan ƙarfe mai sanyaya furosesa da gidan kibod na alminiyam. Sassan nan sirara ne, idan aka matse su da ƙarfi sai su lanƙwashe, idan aka sassauta kuma su goce.

Ka'idar da aka fi bi ita ce ta 3-2-1. Ana ɗora abin a kan wurare 3 daga ƙasa, a jingina shi da wurare 2 a gefe, sannan wuri 1 a ƙarshe, sai matsi ya danne shi. Haka kowane sashe zai zauna daidai inda na baya ya zauna.

Maƙera kan sassaƙa mariƙin daga alminiyam mai lamba 6061, su yi masa gurbi daidai da siffar abin, har da 'yan turakun ƙarfe biyu da za su nuna mazauni idan an juya abin don a yi ɗaya fuskar. Juyin nan kan ɓata aiki, domin ɗan burbushin ƙarfe a cikin gurbi ya isa ya karkatar da awo. Faranti mai siranta sosai kuwa, da zuƙar iska ko gam ake riƙe shi.