Yadda Saƙon Gargaɗi Ke Tayar da Garkuwar Jikin Ɗan'adam

Fararen ƙwayoyin jini ba sa far wa cuta sai saƙo ya iske su. Saƙon yana somawa ne daga wasu furotin da ke zaune a jikin ƙwayoyin tamkar masu gadin ƙofa, waɗanda masana ke kira TLR. Ɗan'adam yana da iri 10, kowanne da alamar cutar da yake ganewa.

Wanda aka fi nazari shi ne TLR4. Aikinsa gane sinadarin LPS da ke ɓawon wasu bakteriya, irin masu haddasa taifot da kwalara. Da zarar LPS ya maƙale masa, sai ya jawo wani furotin na cikin ƙwayar mai suna MyD88, shi kuma ya miƙa saƙon hannu zuwa hannu har ya kai ga NF-kB. Kafin nan NF-kB a ɗaure yake. Saƙon ne ke sa a lalata abin da ya riƙe shi, sai ya shige cibiyar ƙwayar ya ba da umarnin ƙera sinadaran yekuwa, kamar TNF da IL-6. Su ne ke kirawo sauran mayaƙa zuwa inda cutar take, su kuma ke kawo kumburi da zazzaɓi.

Jules Hoffmann na Faransa ya nuna muhimmancin wannan tsari a jikin ƙudan 'ya'yan itace a 1996, Bruce Beutler na Amurka kuma ya gano rawar TLR4 a jikin ɓeraye a 1998. An ba su lambar yabo ta Nobel a 2011 tare da Ralph Steinman.

Sai dai yekuwar na iya wuce gona da iri. Idan bakteriya suka bazu cikin jini, sinadaran kan malala ko'ina, bugun jini ya faɗi, ƙoda da huhu su gaza. Wannan shi ne sefsis, kuma yana kisa cikin hanzari in ba a garzaya asibiti ba.

Masu haɗa rigakafi sun koyi taɓa ƙofar a hankali. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S, wanda aka soma bai wa yara a Ghana, Kenya da Malawi a 2019, yana ɗauke da LPS da aka rage wa dafi. Shi ke motsa TLR4 gwargwadon da jiki zai farka ya koyi gane cutar.