Turken Ragon Kakata

A zamanin kakata, tumakin ƙauye ba su cika damun mutane da kuka ba. Da damina yara ke kora su daji don kada su yi ɓarna a gona. Bayan girbi kuma a sake su su ci karmami da ragowar harawa. Rago ɗaya ko biyu kawai ake ɗaurewa a turke, a yi musu kiwon Layya, kuma yawanci mata ne ke wannan sana'a, da ita suke haɗa kayan ɗakin 'ya'yansu.

Fari na 1973 ya halaka dabbobi masu yawa a Arewa da Nijar. Daga baya gonaki da gidaje suka cinye makiyaya da burtali, sai kiwo ya koma cikin gida. Daga nan kuka ya zama maganar maƙwabta.

Kakata ba ta taɓa dukan rago don ya yi shiru ba. Takan ce dabbar garke ce, kaɗaici ke sa shi kuka, sai ta ɗaure masa tunkiya a kusa. Dusa da ruwan kanwa da asuba, harawa da la'asar, ba ta saɓa lokaci. Ta fi son 'yan ƙasa a kan Balami da Uda, don ba su cin abinci da yawa.

Ni ma haka nake yi. Idan ragona ya ɗaga murya, nakan fara duba kwanonsa, sannan in duba ko an raba shi da abokin zama.