Hanyar Jirgin Bauci Wadda Ba Ta Kai Bauci Ba

A dā akwai wata 'yar siririyar hanyar jirgin ƙasa wadda ta tashi daga Zariya, ta nufi kudu maso gabas, ta hau duwatsu har Jos da Bukuru. Turawa suka sa mata suna Ƙaramar Hanyar Jirgin Bauci, amma kuwa ko sau ɗaya jirginta bai taɓa shiga birnin Bauci ba. Dalilin sunan shi ne, sa'ad da aka yi ta, tuddan Jos suna cikin Lardin Bauci ne. Sai a 1926 aka yanke su, aka yi musu lardi nasu, watau Lardin Filato.

Kuza ce ta jawo hanyan nan. Ita kuza wani baƙin tsaki ne mai nauyi da a kan samu a bakin rafuka, in an narke shi sai ya zama farin ƙarfen nan da a ke shafe gwangwani da shi. Tun kafin zuwan Turawa mutanen Riruwai sun iya narkar da ita, suna zuba ta sili-sili, fatake suna kaiwa kasuwanni. Da Kamfanin Neja ya gan ta a hannun fatake, sai ya aika a bi sawunta, har aka kai Naraguta. Wajen 1910 labari ya game Ingila, kamfanoni suka yi ta ɓarkowa.

To, haƙa ba ita ce wuya ba, fitarwa ita ce wuya. 'Yan dako ne ke ɗaukar kuza a ka, su yi kwana da kwanaki a ƙasa har Loko a bakin Binuwai, sa'an nan a zuba ta a jirgin ruwa. Injunan haƙa ma haka a ke kwakkwance su, a ɗauko guntu-guntu. Saboda haka da babbar hanyar jirgi ta wuce ta Zariya ta kai Kano a 1911, masu haƙa suka matsa wa gwamnati ta fitar musu da reshe.

Gwamnati ta yarda, amma ta nemi arha. Faɗin babbar hanya ƙafa 3 ne da inci 6, na reshen kuwa aka yi shi ƙafa 2 da inci 6. Har ma aka kwaso kayan wata tsohuwar 'yar hanya da ta haɗa Zungeru da Barijuko, aka yi aiki da su. Cikin 1912 dogo ya kai Rahama, cikin 1914 ya kai Jos da Bukuru. Tsawonsa duka mil 143 ne. Daga Rahama ne hawa ya ke tsananta, gama Jos tana bisa tudu wajen ƙafa 4,000, Zariya kuwa ba ta fi rabin haka da kaɗan ba.

Ba don talakawa aka yi hanyar ba, amma albarkacin kaza ƙadangare kan sha ruwan kasko. Garuruwan da ta ratsa, irin su Soba da Dutsen Wai da Kudaru da Jengre, suka sami tasha. Manomi ya sami inda zai kai audugarsa da hatsinsa, gama dubban leburorin kuza ba noma su ke yi ba, saye su ke. Hausawa 'yan kasuwa da mahauta da masu neman aiki suka yi ta hawa tudu, har Hausa ta zama harshen ciniki a Jos da sansanonin haƙa. Jirgin ba shi da sauri ko kaɗan, amma ya fi ƙafa, ya fi jaki.

Sai dai arhar nan ita ce ta zama ajalinta. Da ya ke faɗin hanyoyin biyu ba ɗaya ba ne, taragon Jos ba shi iya hawa dogon Ikko. Kowane buhun kuza sai an sauke shi a Zariya, an sāke lodi. Ga shi kuma Zariya arewa ta ke, teku kuwa kudu, watau kaya sai sun yi baya tukuna su yi gaba. A 1927 hanyar da ta taso daga Fatakwal ta fid da reshe mai cikakken faɗi daga Kafanchan zuwa Bukuru da Jos. Ta nan teku ta fi kusa, ta nan kuma kwal ɗin Inugu ke zuwa ba sauke-sauke. Aka faɗaɗa ɗan guntun da ke tsakanin Jos da Bukuru, kuza ta juya wa Zariya baya.

Duk da haka ƙaramar hanya ta ƙara shekara 30 tana aiki, tana jan fasinja da amfanin gona. Amma motoci suka yi yawa, injuna suka tsufa, abin da ta ke ci ya fi abin da ta ke kawowa. A ƙarshen watan Satumba na 1957 aka rufe ta, aka tumɓuke ƙarafan. Birnin Bauci kuwa sai a 1961 ya ga jirgi, ta wata hanya dabam da ta tashi daga Kuru, wadda ta kai Maiduguri a 1964.

An ajiye waɗansu injunanta da taragu a gidan kayan tarihi na Jos. Masu kuza ba su yi hasarar kome ba, tun tuni sun sami wata ƙofa. Mutanen Soba da Kudaru su ne aka bari da tasha ba jirgi. Ba a shawarce su ba ran da aka shimfiɗa dogo, ba a kuwa shawarce su ba ran da aka naɗe shi. Kaza ta tashi, aka ɗauke kasko.