Musun Da Aka Sha Kan Arsene Wenger

Mai karatu, a sanina ba a yi kocin da ya raba kan magoya bayansa kamar Wenger ba. Ya zo Arsenal a 1996, ya tarar da tarbiyyar George Graham: a ci ɗaya, a kulle ƙofa. Shi kuwa ya ce a sauke ƙwallo ƙasa, a yi ta kai hari. Mu nan Kano, zuwan Kanu a 1999 ne ya ja da yawanmu.

A kakar 2003/2004 wasa 38 suka buga a Firimiya ba a doke su ba. Sai dai masu yabon hari kan manta ƙwallo 26 kacal aka zura musu, don ga Campbell a baya, ga Vieira a tsakiya. Da aka sayar da Vieira a 2005 aka koma tara yara masu gwaninta, kofi ya ɗauke ƙafa har 2014.

Ranar da Manchester United ta lallasa su 8-2 a 2011 gidajen kallo suka dare biyu. Wasu na cewa wasa mai daɗi ya fi komai, mu kuma muna cewa tsoho ya tafi ya huta. Bai tafi ba sai 2018.